Ruwan bohol da ƙwaƙwalwar yara: yadda za ka gane ko fulorayid ya yi yawa a ruwan gidanka, da abin da za ka yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan bidiyoyi sun yi yawa a WhatsApp da TikTok wai makilin na kashe ƙwaƙwalwar yara, wai akwai wani sinadari fulorayid a cikinsa da Turawa sunka gano yana dakushe basira, har na ji wasu iyaye mata nan Gusau na cewa gara a kwashe makilin ɗin a koma gawayi da toka. To maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta amma an ɗora ta inda ba nan take ba, don mu nan Zamfara da Kebbi in har wanga sinadari zai cutar da yaro to ta ruwan da yake ɗirka safe da rana da dare zai shigo, ɗan makilin da zai goga ya tofar ƙaramin abu ne a lissafin. Shi yasa nake son mu bi abin daki-daki, daga yadda za ka duba bakin yaronka har zuwa yadda za a kai ruwan unguwa gwaji.

Shi fulorayid yana cikin ƙasa da duwatsu tun asali, ruwa in ya daɗe kwance cikin dutse can ƙarƙashin ƙasa sai ya riƙa narkar da shi kaɗan-kaɗan, kuma ba shi da launi ba wari ba ɗanɗano, ruwa zai fito garau ka sha ka ce kai wanga bohol akwai daɗin ruwa alhali yana ɗauke da shi. Kaɗan ɗinsa na ƙarfafa haƙori ya hana shi kogo, dalilin da yasa ake sa shi a makilin kenan, kuma dalilin da yasa Amurka tun 1945 sunka fara zuba shi da gangan a ruwan famfo a wani gari Grand Rapids. Rigimar da kuke gani a bidiyo tasu ce, a ci gaba da zubawa ko a bari, har jihar Utah ta hana a 2025. Mu ba mai zuba mana shi a famfo, namu daga ƙasa yake fitowa. Su sun san adadin nasu, miligiram 0.7 a lita ɗaya, mu kuwa sai a haƙa bohol ruwa ya ɓullo a yi murna a yi addu'a a fara sha, ba wanda ya tambaya ko an kai shi lab, wato ɗakin gwaji.

Ga abin da masu bincike sunka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka miligiram 1.5 a lita, kuma ma'aunin ruwan sha na Najeriya da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta fitar shi ma 1.5 ɗin ne. A watan Agusta 2024 wani sashen gwamnatin Amurka mai nazarin guba da ake kira NTP ya fitar da rahoto bayan shekaru ana tankaɗe da rairaya, sunka ce suna da matsakaicin tabbaci cewa yaran da ke shan ruwan da ya haura 1.5 suna samun maki ƙasa a gwajin kaifin basira na IQ, amma game da 0.7 ɗin da ake zubawa a famfonsu sunka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. A Janairun 2025 kuma mujallar likitocin yara ta JAMA Pediatrics ta buga nazarin da ya tattara bincike 74, mafi yawansu daga Sin da Indiya, ya nuna duk ƙarin miligiram 1 na fulorayid a litar fitsarin yaro na tafiya da raguwar maki kusan 1.6. Sannan akwai na garin Dunedin a Niyu Zilan inda anka bi mutane kusan 1,000 tun haihuwa har shekara 38 ba a ga wani bambanci ba tsakanin masu shan ruwan da anka sa wa kaɗan da waɗanda ba a sa wa ba. In ka haɗa su wuri guda za ka ga maganar yawa ce, in ya yi yawa akwai abin tsoro, in kaɗan ne ba a kama shi da laifi ba. Kuma maki biyu ko uku ba abu ba ne da za ka gani da ido a jikin yaro ɗaya, sai an auna gari guda ake ganin gaba ɗaya yaran sun ɗan ja baya, to amma wa zai yarda a rage wa 'ya'yan garinsu ko maki ɗaya kan abin da za a iya kaucewa?

Wanda ke ganin wannan labarin nesa ne ya tambayi 'yan uwanmu Gobirawan Tibiri kusa da Maraɗi, nan bayan iyaka. A 1985 anka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, mutane sunka sha shekara goma sha wani abu, ashe fulorayid ɗin ruwan ya ninka iyakar nan sau uku zuwa huɗu. Yara kusan 5,000 abin ya taɓa, haƙora sun yi ja sun gutsuttsure, wasu ƙafafu sun lanƙwashe sun zama gwame, wasu ƙasusuwan sun nakasa har abada, sai wajen shekarar 2000 anka farga cewa ruwan ne. Wallahi duk sanda na tuna Tibiri raina na ɓaci, don gwaji ɗaya na kwalba ɗaya a ranar farko da ya isa. A Najeriya ma an san Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala ta jan haƙori. Wani bincike da anka buga a 2009 wanda ya auna ruwa a ƙananan hukumomi 109 na ƙasar nan ya nuna mafi yawan wurare fulorayid ɗinsu kaɗan ne, saboda haka kar kowa ya ɗaga hankali ya ce duk ruwanmu guba ne, a'a, wurare ne jefi-jefi, aikinmu shi ne mu gano ko namu na ciki. Ƙasar duwatsu irin ta Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi da Maru, da Zuru da Yauri can kudancin Kebbi, ita ce irin wadda masana ƙasa ke cewa a fi sa ido, musamman bohol mai zurfi, amma Tibiri ƙasar rairayi ce kuma ga abin da ya faru, kuma bohol biyu a layi ɗaya ma kan sha bamban.

To abu na farko da za ka yi ba ya cin ko sisi. Ka samu yaran da anka haifa a unguwar sunka tashi a nan, 'yan shekara 7 zuwa 12 waɗanda sunka yi famfara manyan haƙoran gaba sun fito. Ka fito da yaro tsakar gida da safe inda haske yake sosai, ka sa tsumma mai tsabta ka goge masa haƙoran gaba na sama su bushe, don in da yawu a kai ba ka ganin komai, sai ka duba da kyau. Abin da kake nema shi ne fararen layuka sirara a kwance, ko farin tabo kamar an shafa alli wanda ba ya ƙyalli irin na sauran haƙorin, in ya yi nisa sai ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa har da 'yan ramuka. Alamar da ke bambanta shi da datti ita ce yana zuwa bibbiyu, in na dama na da shi na hagu ma na da shi a wuri ɗaya, kuma duk yadda ka goge ba ya fita don a cikin haƙorin yake tun yana ƙarƙashin dasashi. Dattin goro ko na rashin wanke baki a sama yake, likitan haƙori na kankare shi. Yaro ɗaya ba hujja ba ne, amma in ka duba na gidanka da na maƙwabta da 'yan Islamiyyar unguwa ka ga da yawa haka suke alhali yaran da sunka zo daga wani gari da girmansu haƙoransu fes, to ruwan nan sai an bincike shi. Malaman firamare da na allo ku ne kunka fi kowa damar lura da wannan, yara na gabanku kullum suna buɗe baki suna karatu.

Dan Allah a nan a yi hattara da abu biyu. Kar a ce wa yaro mai jan haƙori ƙazami ko a riƙa dirje masa baki da gawayi da lemun tsami da alimun, ƙara cinye haƙorin kawai ake yi, in abin na damunsa a kai shi sashen haƙori na babban asibiti akwai abin da suke yi. Sannan kar wani ya ɗauka duk mai jan haƙori ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko kusa, haƙorin shaida ne kawai na irin ruwan da ya sha yana ƙarami, kuma amfanin ganinsa shi ne a ceci ƙannensa da waɗanda ke ciki.

Na biyu gwajin ruwan, shi ne gaskiyar magana don ido ba ya gani. Ka samu robar ruwa mai tsabta ta rabin lita ko lita ɗaya, roba ta fi kwalbar gilashi a wannan gwajin, kar ka ɗauko wadda anka zuba zoɓo ko fetur ko maganin feshi. In famfon tuƙa-tuƙa ne a yi ta bugawa kamar minti biyar tukun ruwan da ya kwana a bututu ya fita, in na sola ne ko na inji a ɗiba daga bakin bututun da ke shiga tanki in zai yiwu. Ka ɗauraye robar sau uku da ruwan wajen, ka cika ta, ka rufe gam, ka manna takarda ka rubuta sunan unguwa da wane bohol ne da kwanan wata, in kun san zurfinsa ku rubuta. In gidanku wajen 'yan garuwa kuke saye to ka tambayi mai kawo muku, Malam dan Allah a ina kake ɗibowa, wuri ɗaya ne kullum ko kana canzawa? Sai ka bi shi har wajen ka ɗiba daga tushe. Inda za a kai kuwa, a fara da hukumar ruwan sha ta jiha ko hukumar ruwa da tsaftar muhalli ta karkara, ko sashen kemistiri na jami'a, akwai ta tarayya a Gusau, akwai ta Birnin Kebbi, akwai ta Aliero, ga Danfodiyo a Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Ka kira ko ka je ka tambaya kafin ka ɗauki ruwa, kuma ka faɗa da bakinka cewa fulorayid kake so a auna, don sau da yawa gwajin da ake yi na ƙwayoyin cuta ne da gishiri-gishiri kawai a miƙo maka takarda ka ɗauka an duba komai. Tunda an riga an kai, a ce su haɗa da dalma da naitiret, sinadarin da ke shiga ruwa daga taki da masai. Kuɗin in mutum ɗaya zai biya yana iya jin nauyi, amma bohol na unguwa ne, kwamitin masallaci ko masu karɓar kuɗin gyaran famfo su haɗa. In da hali a yi sau biyu, ɗaya a tsakiyar bazara wajen Afrilu ɗaya bayan damina.

Takarda ta fito, za ka ga lamba da mg/L a gabanta, wato miligiram a lita, wasu su rubuta ppm, duk ɗaya ne. In ƙasa da 0.7 ne ka kwantar da hankalinka ka ci gaba da sha. In ya haura 1.5 to a nemi mafita ba jira. Tsakanin nan kuma, daga 0.7 zuwa 1.5, a takarda ya halatta amma ni a ganina mai ciki da jariri a sama musu wanda ya fi ƙasa in da hali, dalili kuwa zafinmu, ita iyakar an yi ta ne da lissafin babba na shan kamar lita biyu a rana, mu kuwa a watan Afrilu a Gummi ko Argungu wa ke tsayawa lita biyu? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kowace ƙasa ta duba yawan ruwan da mutanenta ke sha, Indiya ma 1.0 ta sa a matsayin abin da ake so.

Yanzu abin da ba ya aiki, don nan ne mutane ke yaudarar kansu. Tafasa ruwa ba ya cire fulorayid, ƙara masa ƙarfi ma yake, kamar miyar da ta daɗe kan wuta ruwa ya ƙone gishiri ya fito. Sinadarin kulorin da ake ɗigawa a jarka ƙwayoyin cuta yake kashewa bai taɓa shi. Tacewa da ƙyalle, ajiyewa a randa ya kwana, 'yar matatar nan mai kyandir a ciki, duk ba sa cire shi. Kuma babban kuskuren da nake tsoro shi ne a ji bohol na da matsala a koma tafki ko gulbi haka nan a sha, kwalara na kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, mun san yadda take mana duk damina. In za a koma ruwan tafki ko gulbi, wanda galibi fulorayid ɗinsa kaɗan ne, to dole a tace a tafasa ko a sa kulorin.

Ba sai an canza ruwan gida gaba ɗaya ba, nan ne sauƙin yake. Wanka da wanki da wanke-wanke da alwala da ban ruwan dabbobi na ɗan lokaci duk a ci gaba da na bohol, fata ba ta shan shi. Na sha da na girki ne abin kula, kuma girki na ciki don ruwan da anka dama kunu ko anka tuƙa tuwo da shi fulorayid ɗin na nan cikin abincin. In ruwa mai kyau ya yi ƙaranci to a bi layi, mai ciki farko don yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi a daidai lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, sai jarirai, sai yara har shekara 8, manya su zo ƙarshe. Maigida wannan aikinka ne, kar a bar wa uwargida ita kaɗai.

Maganar jarirai ina son in tsaya a kanta. Nonon uwa Allah Ya tace shi, ko uwar na shan ruwa mai fulorayid da yawa abin da ke fita a nononta ɗan mitsitsi ne, wajen 0.01 a lita ko ƙasa. Amma ɗauki jariri mai kilo 5 da ake haɗa wa madarar gwangwani, yana shan kamar kashi uku cikin huɗu na lita a rana, in ruwan na da miligiram 2 a lita to miligiram 1.5 kenan ke shiga cikinsa kullum, alhali iyakar da masana abinci na Amurka sunka sa wa ɗan ƙasa da wata 6 ita ce 0.7, kaga ya ninka. Ga shi jikin ƙaramin yaro na riƙe fiye da rabin abin da ya shiga, bai fitar da shi a fitsari kamar babba. Saboda haka nono zalla wata 6 da ake ta faɗa wajen awo, ba ruwa ba jiƙo, ga wani dalili kuma da ya ƙaru a kai. Na san iyayenmu da kakanni za su ce yaro zai mutu da ƙishirwa a wanga zafi, a lallaɓa su da girmamawa, a ce Inna nonon nan kusan duk ruwa ne, ita mai jegon a ba ta ta sha da yawa. In kuma lalura ta sa dole sai madara, uwa ba lafiya ko ta rasu, to a haɗa da ruwan da anka tabbatar kaɗan ne a cikinsa kuma a tafasa shi don ƙwayoyin cuta.

Ina za a samo mai kyau ɗin? Mafi araha wata rijiya ko wani bohol na kusa da anka gwada anka ga lafiya lau, sai a ware jarka biyu masu alama na sha ne kawai. Sai ruwan sama, wanda kusan babu fulorayid a cikinsa sam. Mai rufin kwano ya sa indararo da tanki mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube tukun a tara, a sa kulorin ko a tafasa kafin sha. Ka yi lissafi, mace mai ciki in tana shan lita 3 a rana, wata takwas na rani lita 720 kenan, tankin lita 1,000 ya riƙe ta. Ana kuma iya gaurayawa, in na bohol 3 ne ka zuba bokiti ɗaya nasa da bokiti biyu na ruwan sama ya dawo wajen 1. Amma garuruwan da ake niƙa dutsen zinari a yi hankali da ruwan rufi saboda ƙurar dalma na sauka kan kwano. Fiya wata kuma ya danganta, wanda masana'antarsa ke da injin tacewa na RO, mai tura ruwa da ƙarfi ta wata fata mai matsattsun ƙofofi, wannan na cire mafi yawansa, wanda kuwa daga bohol sai 'yar matata sai leda to abin da ke bohol ɗin shi ke ledar. Ka duba lambar NAFDAC, ka kuma tambaye su kai tsaye ko da RO suke aiki, in ka yi shakka leda biyu ta isa a kai lab.

In duk ruwan yankin haka yake to sai tacewa ta musamman. Akwai gawayin ƙashi, ƙashin shanu ake ƙonawa a rufe da ƙarancin iska har ya zama launin toka, a daka a cika bokiti ko durom da shi ruwa na bi ta ciki yana kama fulorayid ɗin, an daɗe ana amfani da shi a Kenya da Tanzaniya da Habasha, mu kuma ga ƙashin halal jibge a kowace mayanka. Sai dai ƙonawar na son gwani, in ya yi baƙi ƙirin ruwan zai yi wari, in ya yi fari fat ƙarfinsa ya tafi, kuma yana cika ya daina kamawa ba tare da ka sani ba, dole a riƙa gwada ruwan da ke fita ana canza shi. Akwai kuma hanyar Nalgonda ta Indiya da ake haɗa alimun da farar ƙasa a juya a bar shi ya kwanta, tana aiki amma awon ya danganta da irin ruwan, wanda ya yi da ka zai bar alminiyam a ruwan yara. Waɗannan biyun aikin gari ne tare da ma'aikatan ruwa, a kai takardar gwajin ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma da mai unguwa a nema a rubuce.

Abinci ma na taimakawa. Sinadarin kalsiyam na kama fulorayid tun a hanji ya rage wanda ke shiga jini, kuma yaron da ke fama da tamowa abin ya fi yi masa illa, to nono da kindirmo, zogale, miyar kuka, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu irin na Yauri, duk a ba yara. Wani ƙaramin bincike a Indiya a 2002 ya nuna cin tsamiya na ƙara fitar da shi ta fitsari, kunun tsamiya dama namu ne, amma kar a ce an sha tsamiya an gama a ci gaba da ruwan. Gishiri a sayi mai aidin, don rashin aidin shi kansa babban mai dakushe ƙwaƙwalwa ne ba maƙoƙo kaɗai yake kawowa ba. Abin ragewa kuma shayi, ganyen shayi na tara fulorayid daga ƙasa fiye da yawancin tsirrai, wanda anka bari ya yi ta tafasa ya yi baƙi kamar shayin Buzaye ya fi, babba ya sha abinsa amma mai ciki ta taƙaita kofi ɗaya ko biyu marar kauri, ƙananan yara kuma a daina ɗura musu. Sai kanwa, 'yar uwarta da ake kira magadi a Tanzaniya an auna an samu fulorayid mai yawa a ciki har tana jawo jan haƙori a inda ruwan ba shi da laifi, ga shi dama likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun alaƙanta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, to a sassauta hannu.

Makilin kuwa kar a yar. Yaran yanzu ga alawa ga lemun kwalba ga biskit, in ka cire shi kogon haƙori za ka gayyato. Awo ne kawai, ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa ɗaya, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, ba a cika buroshi tun daga kai har gindi irin na talla ba. Babba ne zai matsa masa, ya tsaya a kansa ya ga ya tofar, sannan a ɗaga makilin sama inda hannu bai kai don wasu yaran tsotsa suke saboda zaƙi. Asuwaki na nan da falalarsa a haɗa duka.

Ba zan rufe ba sai na ambaci dalma, don mu Zamfarawa in ana maganar ƙwaƙwalwar yara ita ce kan gaba. A 2010 yara sama da 400 sunka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya ga Bagega, saboda niƙa dutsen zinari a cikin gida, waɗanda sunka rayu da yawa ta bar musu illa. Ita dalma ba ta da wani kaɗan mai amfani, ko yaya take cuta ce. Kar a kawo dutse gida, kar a daka shi a turmin abinci, mai zuwa wajen haƙa ya yi wanka ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro, kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai shi ma akwai dalma a ciki a bari.

Wanda kuma zai haƙa sabon bohol, ko na gida ko na sadaka ko na siyasa, tun wajen ciniki a sa gwajin ruwa cikin yarjejeniya, ka ce Injiniya cikon kuɗinka sai na ga takardar lab mai fulorayid da dalma a ciki. In ta fito a yi hoto a ajiye kwafi wajen mai unguwa da asibitin sha-ka-tafi na yankin, a kuma rubuta lambar da shekarar da fenti a jikin tankin yadda duk mai ɗiba zai gani. In ta haura 1.5 a rubuta ɓaro-ɓaro na wanka da wanki ne banda sha, da boko da ajami, kuma a sake gwadawa bayan shekara biyu ko duk sanda anka ƙara wa rijiyar zurfi.